Fentin jita mai ɗamara: a rufe da salatif ko a kankare?

Tambaya: Na haɗa gangar jitar lantarki da hannuna da katakon mahogani, na zagaye bakinta na gaba da farar ɗamarar roba. Jan fenti nake so in yi mata, ɗamarar kuma ta fito fara tas, layinta a miƙe. Rufe ta zan yi da salatif kafin feshi ko yaya ake yi? Sannan me zan bi da shi a kai har ta yi sheƙi irin na kamfani?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Wanda ya fafe gurbin ɗamara, ya lanƙwasa ta a ƙugun jita ba ta karye ba, ya riga ya tsallake inda mutane da yawa suke ajiye aikin. Gajeriyar amsa ita ce duka biyun za ka yi. Faffaɗan gefen ɗamarar, wanda tsayinsa yakan kai milimita 6, ka rufe shi da salatif. Siririn bakinta da ke kallon sama kuwa, wanda bai fi milimita 1.5 zuwa 2 ba, ka bar fenti ya hau shi, daga baya ka kankare da reza. Reza ce take yanka layin da ido zai gani, salatif rage mata aiki kawai yake yi. Kankarar kuma tana da lokacinta: bayan launi, kafin kiliya, wato fenti marar launi da ake bi da shi a sama don sheƙi. Sauran bayanin duk hidimar wannan layin ce.

Kafin a zo maganar fenti, duba ɗamarar da kyau. Farar ɗamarar da ake sayarwa yau galibi robar ABS ce, wata kuma seluloyid, irin wadda ke jikin tsofaffin jitoci. Dukkansu sinadarin asiton yana narkar da su, shi ya sa ma ake manna su da shi ko da gam mai ɗauke da irinsa. To, robar da ta sha asiton takan kumbura ta yi laushi, sai ta bushe take komawa ta tsuke. Idan ka daidaita ta da katako tun tana kumbure, bayan kwanaki za ka tarar ta nutse ƙasa da katakon, wani siririn kwari ya zagaye jitar. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci. A ganina a ba ta kwana uku ko huɗu, babu abin da aka rasa.

Daidaitawar da faifan ƙarfe na kankara ake yi, ba da sanfefa ba. Sanfefa tana ƙarce roba, sannan ta ɗebo jar ƙurar mahogani ta cusa cikin ƙarcen, sai farar ɗamara ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Kana kankara kana leƙowa ta sama, domin kaurin ɗamarar ya zama ɗaya ko'ina. Yanzu da katako da roba suke tsirara ba za ka lura da inda ta sirance ba, amma ranar da ja ya kwanta kusa da fari, daga nesa ma za a gani. Inda aka fi cinye ta shi ne kan ƙahon jita da cikin ƙugu, saboda can hannu yake karkata. Idan akwai 'yar ɓaraka tsakanin roba da katako, tara ɓarɓashin ɗamarar da ka kankare a ƙaramar kwalba, ka ɗiga asiton, ka rufe har ya narke ya yi kauri. Ka cusa shi a ɓarakar da tsinke, ya kwana, ka kankare. Launinsa ɗaya da ɗamarar tunda jikinta ne. Daga ƙarshe ka ɗan kashe kaifin kusurwar ɗamarar. Fenti ba ya son zama a kan kaifi, janyewa yake yi ya bar wurin da siririyar fata, kuma nan ne yake fara hujewa ranar gogewa.

Katakon ka bi shi da sanfefa lamba 120, 180, sannan 220, kullum a naɗe jikin ɗan katako mai shafaffiyar fuska, kana bin tsawon jijiyar katakon. Bayan 220 ka shafa tsumma mai danshi, gashin katakon zai miƙe, idan ya bushe ka sake bi da 220. Ɗamarar ita kaɗai ka kai ta 320 ko 400 ka tsaya nan. Kada ka goge ta har ta yi santsi tana ƙyalli, domin kiliya ba ta shiga jikin roba yadda take shiga katako, sai da ɗan kaushin da za ta riƙe. Daga nan ka shafe jitar duka da nafta, wani siririn mai na goge datti. Nafta ba ta narkar da roba, tana bushewa da sauri, kuma kafin ta bushe tana tona asirin duk inda gam ya ɓoye: katako zai yi duhu, wurin gam ya tsaya fari-fari. A gindin ɗamara ya fi taruwa. Tina da asiton kuwa, daga yau har a gama, kada su kusanci ɗamarar da sunan goge datti.

Mahogani katako ne mai buɗaɗɗun ƙofofi, haka ash da walnat. Mafil da alda ba su da wannan matsala. Idan ba ka cike ƙofofin ba, komai yawan kiliyar da ka zuba, bayan 'yan watanni za ta nutse ciki, fuskar jita ta yi ɗige-ɗige. Amma kada ka fara da fila, wato kwaɓin da ake cike ƙofofin da shi. Fara da siririn hannu ɗaya na sila, wato fenti marar launi mai toshe fuskar katako, ko shelak wanda aka cire wa kakinsa, ya rufe katako da ɗamara gaba ɗaya. Fila tana da launi, kuma duk wani ƙaramin ƙarce da ke jikin roba sai ta shige shi ta zauna. Silar nan ce garkuwa. Sai ka murza fila kana gitta jijiyar katako, ka kwashe rarar da tsohon katin roba, idan ta fara dushewa ka goge da tsumma mai kaushi, nan ma a gicciye. Mai ruwa takan bushe cikin 'yan sa'o'i, mai mai kuwa sai ka ba ta kwanaki. Mahogani yakan nemi fila sau biyu. Bayan haka sila hannu biyu ko uku, ka daidaita da 320. Ka kashe fitilar sama, ka haska tocila daga gefe kusan a kwance. Duk ɗigon da ka ga yana ƙyalli a tsakiyar dushin da sanfefa ta bari, rami ne, bai cika ba.

Tun kafin silar farko ka yanke shawarar irin fentin, kuma daga sila har kiliya su zama dangi ɗaya, in da hali na kamfani ɗaya. Naitiro shi ne fentin da kamfanin DuPont ya fito da shi don motoci a shekarun 1920, masu ƙera jita suka ɗauka. Kamfanin jita na Fender ya yi aiki da shi har wajen 1968 lokacin da ya koma fentin foli, takwararsa Gibson kuwa har yau shi take fesa wa jitocin da take ƙerawa a Amurka. Ba don tarihi nake ba ka shawararsa ba, kuma gardamar da ake yi cewa ya fi daɗin sauti a jitar lantarki ban ɗauke ta da nauyi ba. Dalilina shi ne kowane sabon hannu na naitiro yana narkar da na ƙarƙashinsa su zama jiki ɗaya. Mai koyon kankara dole reza ta zame masa ko sau ɗaya, kuma a naitiro ɗigon gyara ɓacewa yake yi. Kiliya mai haɗi biyu, wadda ake gauraya ta da sinadarin taurarawa, irin ta motocin zamani, ta fi tauri, tana ƙosawa cikin kwanaki, kuma ba ta saurin yin rawaya. Sai dai hannuwanta ba sa narkewa cikin juna, idan sanfefa ta huda ɗaya ta shiga na ƙasa, zobe yake fitowa wanda ba ya goguwa. Abin da ba ya yiwuwa sam shi ne naitiro a kan fentin mai irin na ƙofa da taga. Tinar da ke cikinsa za ta tayar da na ƙasan ya yamutse nan take.

Ka samu guntun mahoganin da ya rage, ka manna masa guntun ɗamara a gefe ɗaya. Duk abin da za ka yi wa jitar ka fara yi masa, har kankarar. Shi ne zai faɗa maka ko fentin ya kai lokacin reza, ba sai ka gwada a fuskar jita ba.

Ba ka faɗa ba ko ja mai rufe katako kake so ko wanda jijiya take leƙowa ta ciki. Idan mai rufewa ne, sai da farar firaima, wato fentin shimfiɗa, a ƙasa, domin ja ba shi da ƙarfin rufewa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa shi yake ba shi haske ko duhu. Firaima tana da kauri, saboda haka ka rufe gefen ɗamara kafin ka fesa ta, ka cire salatif, ka kankare bakin sama, ka daidaita firaimar da 400, sannan ka sa sabon salatif don launi. Aiki biyu ne, amma wanda ya tara firaima da launi ya ce zai kankare lokaci guda, zai tarar da tudu a gindin ɗamara wanda kiliya za ta sha wahalar binnewa, ga kuma farin layin firaima yana leƙowa a ƙarƙashin ja. Idan mai nuna jijiya kake so, na fi son a zuba rinin cikin kiliya a fesa a kan sila maimakon a shafa shi a tsiraran katako. Rinin da aka shafa da tsumma yana bin ƙarƙashin salatif, yana kuma bin mahaɗar roba da katako ya shige inda reza ba ta kaiwa.

Salatif ɗin takarda da masu fentin bango suke amfani da shi bai dace da bakin layi ba. Bakinsa yana da kaushi, fenti yana kurɗawa ta ƙarƙashi, kuma ba ya bin lanƙwasa sai ya tattare. Nemi siririn salatif na roba mai miƙewa, wanda masu fentin mota suke fitar da layi da shi, faɗin milimita 3 ko 6. Ga abin da ake yawan kuskurewa: kada ka ɗora shi daidai kan mahaɗar ɗamara da katako. Ja shi baya kaɗan, ka bar ɗamara kamar kaurin gashi biyu a waje fenti ya hau ta. Idan salatif ya haura kan katako ko da kaɗan ne, za ka cire ka ga layin firaima ko katako tsirara, gyaransa kuma sai da sabon feshi. Idan fenti ne ya haura kan roba, jan reza ɗaya ya gama magana. Wajen zagaye ƙugu da ƙaho kada ka ja salatif ɗin da ƙarfi, domin roba ce, za ta nemi komawa yadda take, sai ta ɗaga a cikin lanƙwasa bayan ka juya baya. Danna bakinsa da farce ko'ina. Gurbin wuya ma ka rufe shi, ka ɗaura sanda a ciki da sukurori domin riƙewa da ratayewa. Kafin launi ka ɗan watsa kiliya sama-sama a bakin salatif, idan akwai wata kafa, ita za ta shiga ta toshe, ba ja ba.

Launi siriri ake so. Bindigar feshi ko gwangwani, ka tsaya nesa da jikin jita kamar santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin a iska kafin ka shigo kan katako, ka kuma saki bayan ka fita, kowane layi ya hau rabin na baya. Gwangwani idan ya ɗan zauna cikin ruwa mai ɗumi yakan fi fitar da feshi mai laushi, ruwa mai ɗumi kawai, ba tafasasshe ba, ba kuma kusa da wuta ba. Hannu uku ko huɗu marasa nauyi sukan isa. Da zarar launi ya rufe ko'ina daidai, ka tsaya. Sheƙi ba aikin launi ba ne, na kiliya ne, kuma duk hannun launin da ka ƙara, tudun gindin ɗamara kake ƙara wa tsayi. Bayan hannun ƙarshe da kamar minti 20 zuwa 30, lokacin da fenti ya daina gudu amma bai yi tauri ba, ka cire salatif. Ka naɗo shi baya a kan kansa, a hankali, kana karkata shi nesa da fentin. Idan ka bari ya kwana, fenti zai haɗe salatif da jikin jita, ka zo cirewa ya ɓantaro maka baki.

Yanzu ga kankarar. Tun 1952 da Gibson ta fito da jitar Les Paul ɗamara take a fuskarta, Fender ma ta sa wa jitar Telecaster Custom ɗamara gaba da baya a 1959, kuma a masana'antar Gibson da ke Nashville har yanzu fesa launi ake yi a kan ɗamara, sannan ma'aikata su zauna su kankare da hannu, jita bayan jita. Kamfani mai injuna iri-iri bai bar wannan aikin a hannun mutane don son wahala ba, layin reza ya fi na salatif tsafta ne.

Lokacin ya danganta da zafi da danshin wurin aikinka, amma a naitiro yakan faɗo tsakanin 'yan sa'o'i bayan feshi zuwa washegari. Guntun gwajin nan zai nuna maka. Ka ja reza a kansa. Idan fentin ya dunƙule yana bin bakin rezar yana shafa ja a kan fari, da saura, jira. Idan ya fito gari-gari, bakin layin yana ɓantarewa ƙanana-ƙanana, ka makara kaɗan, sai ka rage nauyin hannu ka yi ta bi sannu. Daidai shi ne ya fito siririn zare yana nannaɗewa a gaban rezar, farin yana buɗewa a bayanta tas. Rezar mai baki ɗaya za ka nema, ko bakin wuƙar yankan kwali. Wasu sukan ja bakinta sau biyu ko uku a jikin sukundireba domin ya ɗan lanƙwaso, ta fi cin fenti a haka. Riƙon shi ne komai. Ka danne rezar tsakanin babban yatsa da manuni, ka bar tsininta ya leƙo daidai faɗin bakin ɗamarar, babban yatsan kuma ya jingina da gefen jita yana zamewa tare da ita. Yatsan ne ma'auni, shi yake hana reza shiga cikin ja. Idan ba ka amince da yatsanka ba tukuna, naɗe rezar da salatif mai kauri ka bar tsinin kawai, ko ka tsaga kan guntun sanda ka saka rezar ciki ka ɗaure da sukuru, sandar ta riƙa bin gefen jita.

Rezar tsaye take tafiya, ta ɗan sunkuya kaɗan zuwa inda take dosa, kana jawo ta wajenka. Ba yanka kake yi ba, kankara ce. Gajeren ja, kamar tsawon yatsa, sau biyu ko uku a wuri ɗaya da sauƙin hannu ya fi ja ɗaya mai nauyi. Yadda mai aski yake fitar da layin goshi, haka hannun yake: fuska kusa, numfashi a natse, kai ne kake juya jitar ba hannunka kake murɗawa ba. Ka shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙarƙashinta, ka sa safar auduga a hannun da yake riƙe ta, domin maiƙon yatsa a kan launi yana hana kiliya kwanciya. Fara daga ƙasan jita inda lanƙwasar take da faɗi, ka bar ƙaho da ƙugu sai hannu ya saba. Bayan bakin sama, ka juya ta a gefe ka share ɗan gashin fentin da ka bari a gindin salatif, nan ma da ma'auni. Da ka ji reza ta fara tsalle ko tana barin layuka a roba, jefar da ita ka ɗauki sabuwa. Idan ta zame ta ci ja, kada ka firgita. Fesa ɗan launi a murfi, ka ɗiga a wurin da siririn buroshi, ya bushe, ka sake kankare bakin.

Da ka gama, ka hure ƙurar da iska, ka bi ɗamarar da busasshen tsumma mai tsabta, ka duba ta a haske mai kyau taƙi bayan taƙi. Ɗan ƙwayar jan gari da ido ya raina, kiliya za ta narkar da shi ya baje ya zama tabo ruwan hoda, kuma ya shiga ƙarƙashin kiliya ke nan. Ja ya fi kowane launi wannan halin. Rini musamman yana tafiya cikin naitiro ko bayan an gama aiki, shi ya sa za ka ga wasu jitocin Gibson masu jan baya ɗamarar wuyansu ta yi hoda-hoda. Fenti mai garin launi bai kai rini yawo ba. Maganin dai ɗaya ne: hannu biyu ko uku na farko na kiliya su zama kamar hazo, daga ɗan nesa, su sauka kusan a bushe, ka bar kowanne ya sha iska sosai. Su ne suke kulle launin a wurinsa. Wanda ya fara da jiƙaƙƙen hannu mai nauyi, tina za ta tayar da jan ta gangaro da shi kan farin da ya ɓata yini yana kankarewa.

Bayan an kulle launi, sai kiliya ta gaske, a kan komai har da ɗamara. A naitiro, hannu uku a rana, tsakaninsu sa'a ɗaya ko biyu, har ka kai tara zuwa goma sha biyu. Na gwangwani ya fi ruwa-ruwa, yakan nemi fiye da haka. Idan ka kai hannu shida, bari ta kwana, ka daidaita da 400 a jikin katako, da sauƙin hannu, ba ka taɓa kusurwa ba. A nan ne za ka ji ko tudun gindin ɗamara ya fara nutsewa. Rufe ido ka ja farce daga ja zuwa fari. Idan farce ya maƙale, ko ka ga siririn kwari a mahaɗar, ɗiga kiliya mai kauri a layin da tsinke, ta bushe kwana biyu, ka daidaita, ka ci gaba da feshi. Abin da ake nema a ƙarshe bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, wajen milimita 0.10 zuwa 0.15 bayan gogewa. Kada ka yi feshi ranar da iska take da danshi sosai, idan ya haura kashi 65 cikin ɗari kiliya takan kama ruwa ta yi fari-fari kamar gajimare. In ta yi, yawanci hannu na gaba a busasshiyar rana yakan narkar da shi. Kuma duk wani man goge mota ko na feshin sukurori mai silikon, fitar da shi daga ɗakin, ɗigonsa ɗaya yana sa kiliya ta yi ramuka masu kama da idon kifi.

Ka ce fara tas kake so, to ka sani naitiro yana yin rawaya da shekaru, farar ɗamara za ta koma ruwan madara. Mutane da yawa wannan suke nema, har sukan ɗiga rini ruwan zuma a hannu ɗaya na kiliya don ta yi kama da tsohuwa tun ranar farko. Idan kai farin ne ba ka so ya motsa, kiliyar akirilik ko mai haɗi biyu ta fi riƙe shi, sai ka zaɓi launi da sila na danginta tun farko.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Takunkumin ƙura ba ya tare tururin tina, sai mai gwangwanin gawayi da aka yi don tururin fenti. Naitiro da ƙurarsa da seluloyid duk masu saurin kama wuta ne, babu taba, babu murhu, babu injin da ke tartsatsi a wurin, iska kuma ta riƙa ratsawa. Kiliya mai haɗi biyu tana da sinadarin aisosayanet wanda yake iya jawo asma da kan zama har abada, masu sana'ar da takunkumi mai kawo iska daga waje suke fesa ta. Wannan ma yana cikin dalilan da ban tura ka gare ta kai tsaye ba.

Bayan hannun ƙarshe ka rataye jitar ka manta da ita mako uku zuwa huɗu. Naitiro bushewa yake yi ta hanyar fitar da tina, yana kuma tsukewa muddin tana fita. Idan ka goge da wuri za ta yi sheƙi yau, bayan wata ɗaya layin ɗamara da ƙofofin katako su sake bayyana. Sa hanci a jikinta, in har kana jin warin tina, da saura. Ka kuma danna farce a inda kiliya ta taru a bakin gurbin wuya, wurin da zai ɓoye. Idan ya bar shaida, ƙara mako.

Gogewa da jiƙaƙƙiyar sanfefa ake yi, daga 800, 1000, 1200, 1500 har 2000, da ruwa mai ɗigon sabulu. Toshe ramukan sukurori da kaki tukuna, domin ruwa idan ya shiga, katako zai kumbura ya tsaga kiliyar da ke kewaye. Lamba ta farko ce take daidaitawa, ka bi har ɗigon ƙyalli ya ƙare, sauran share ƙarcen na baya kawai suke yi. A kan ja kana da mai gargaɗi: da ka ga kumfar ta fara yin ruwan hoda, ka huda kiliya, tsaya nan. A kan farar ɗamara kuwa babu mai faɗa maka, kumfar kiliya fara ce, ta roba ma fara ce. Sai ka zo fitar da sheƙi za ka ga wani wuri ya ƙi ɗauka, ko ya fi sauran fari idan ka sa ruwan zuma. Don haka kusurwar ɗamara kada 800 da 1000 su taɓa ta sam. Ka bar ta sai 1500, shi ma shafa biyu ko uku da yatsa. Man fitar da sheƙi ka fara da mai ɗan kaushi ka gama da mai laushi, kowanne da tsummansa. Idan da inji za ka yi, ka rage gudu, kada ka tsaya wuri ɗaya, kuma faifan ya riƙa fita daga kusurwa, kada ya shigo ta kanta, domin zafi yana narkar da naitiro da roba cikin ƙiftawar ido.

Wajen haɗawa, kafin sukuru ya shiga kowane rami, ka ɗan share kiliyar bakin ramin da kan dirila mai faɗi, kana juya shi da yatsu, in ba haka ba sukurun zai ɗaga ta ta ɓantare. Kiliyar da ta gangara bakin gurbin wuya ma ka kankare ta, kada ka tura wuya da ƙarfi ya tsaga gefen. Watannin farko naitiro yana da sauran laushi, kuma robar da ake naɗe wa maratayin jita da wasu maɗaurai na leda tana cin sa, ta bar baƙin tabo mai danƙo daidai inda ta taɓa. Naɗe wuraren da tsumman auduga kafin ka jingina ta.